'Yata mai wasan ƙanƙara ta zo hutu kamar baƙuwa, mahaifinta ya karɓe fasfonta

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a Agege, maigidana yana sana'ar albasa da tumatir a kasuwar Mile 12. 'Yata ta fari shekararta 14. Tun tana ƙarama take son takalmin taya, kawunta yakan kai ta filin wasa na Surulere ran Asabar. Tana da shekara 9 gwaggonta, ƙanwar maigidana da ke aikin jinya a Ingila, ta ɗauke ta riƙo. A can ta koma zamiya a kan ƙanƙara, irin wadda ake tsalle ana juyi ana bin kiɗa, har tana shiga gasa tana cin lambobi.

Bana ta zo hutu, na rasa gane kanta. Ƙarfe huɗu da rabi take tashi, ta yi ta tsallen igiya a tsakar gida har a kira salla. Ta ture kujerun falo ta dinga juyi a ƙafa ɗaya. Baƙi su zo, ta gaishe su a tsaye da baki biyu, ta shige ɗaki ta toshe kunne da waya. Duk ƙanin da ya taɓa takalmanta sai an ji su. Kofi ta fasa rannan, sai da ta yi kusan awa tana kuka. Na yi mata tuwo da miyar kuka, na yi waina, ta ɗan taɓa ta ce ta ƙoshi, wai kocinta ya ce in ta ƙara kilo biyu tsallenta zai lalace. Kullum sai ta hau ma'auni. Audugar da na saya mata ma ba ta buɗe ba, ta ce wata biyar ke nan ba ta ga al'ada ba, wai haka 'yan wasa suke. Abin da ya fi ɓata wa mahaifinta rai shi ne hoton gasa da wani ya nuna masa a kasuwa, tana sanye da 'yar guntuwar riga. Ya karɓe fasfonta, ya ce ta gama wasa, makarantar nan za ta shiga. Yau kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba. Gwaggonta kuma ta ce mun yi mata butulci. Saura mako uku a buɗe makarantarsu. Anti, girman kai ne ya kama ta, ko tarbiyyar ce ta lalace? Ina zan sa kaina?

Daga wata uwa, Agege, Legas

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin in taɓa maganar fasfo, ko riga, ko gaisuwa, ina so mu koma kan abin da kika rubuta kika wuce shi da sauri: wata biyar babu al'ada, abinci sai taɓawa, kullum tana kan ma'auni. Nan ne hankalina ya tsaya. Rigimar gidan duka za ta iya jiran mako guda, wannan kuwa ba ta jira.

Da farko, kada ki bari zuciyarki, ko bakin wata, ya kai ki ga zargin banza a kan yarinyar nan. Abin da kika kwatanta sananne ne a wurin likitocin wasanni, har kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da bayani a kansa a 2014. Jikin yarinya mai shekara 14 gini yake yi. Idan ƙarfin da take ƙonawa a atisaye ya fi abin da take ci, sai jiki ya fara tsimi, ya dakatar da ayyukan da yake ganin za su iya jira, al'ada tana cikin na farko. Matsalar ita ce sinadarin da ke tafiyar da al'ada shi ne kuma yake taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari, kuma a waɗannan shekarun ne mace take tara ƙarfin ƙashin da za ta rayu da shi har tsufa. To ki duba, ga yarinyar da aikinta shi ne ta tashi sama ta diro a ƙafa ɗaya, sau da yawa a rana. Gaskiya ne a shekarun farko al'ada takan yi wasa, ta zo ta ɗauke. Amma idan ta ɗauke wata uku ko fiye, ga ƙin abinci, ga tsoron ƙiba, likita ake nema. Cewar da aka yi mata haka 'yan wasa suke, yawan masu ciwo bai mayar da ciwon lafiya ba.

Wannan wasa ya ci yara da dama ta wannan hanyar. Yuliya Lipnitskaya ta Rasha tana da shekara 15 ta ci zinare tare da tawagar ƙasarta a gasar Olamfik ta Sochi a 2014, duniya ta yi ta yabonta. A 2017, tana da shekara 19, ta bar wasan bayan jinyar ciwon ƙin cin abinci. A wannan shekarar Gracie Gold ta Amurka ita ma ta dakatar da gasa ta nemi magani a kan damuwa da matsalar cin abinci. Hukumar wasan ta duniya da kanta, a 2022, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, saboda lafiyar jiki da ta zuciyar yara. Don haka idan kika ɗauki abin da muhimmanci, ba ƙauyanci kika yi ba.

A cikin makon nan ki kai ta wurin likitan yara. Asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja bai yi muku nisa ba, ga kuma na Idi-Araba. Ki faɗa wa likita komai yadda kika faɗa mini, har maganar kocin. Ki nemi a duba bugun zuciyarta da hawan jininta, a yi gwajin jini, a duba ƙarancin jini da bitamin D, domin baƙar fatar da ke zaune a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi, kuma take wuni a cikin ɗakin ƙanƙara, takan rasa shi. Ki ba su wuri ta gana da likita ita kaɗai na ɗan lokaci, akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanki ba. Idan ya tura ku wurin likitan da ke duba damuwar matasa, kada ki ji kamar an ce 'yarki ta taɓu. Ki je. Idan kuwa kika ga ta suma, ko tana yawan jiri, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko tana shiga banɗaki ta yi amai bayan cin abinci, a ranar za ku tafi, ba sai gari ya waye ba.

A gida kuma, ki daina yi mata tsegumin jiki, ki hana wasu ma. Mun saba da "kin rame" da "kin yi ƙiba mashaAllah" a matsayin gaisuwa, amma a kunnen yarinya irin wannan duka biyun dafi ne. Kada ki tsare ta da faranti kina rantsuwa, kada kuma ki ƙyale ta ta ci ita kaɗai a ɗaki. Ku zauna tare a ci a lokaci ɗaya kowace rana, ki tambaye ta abin da ta saba ci a can, ku shiga kicin ku dafa tare. Shinkafa, wake, ƙwai, kifi, nono, dankali, babu wanda ba abincin 'yan wasa ba ne. Ma'aunin nan ki ɗauke shi daga inda take gani, ki gaya mata a fili cewa daga yau awo aikin likita ne.

Yanzu ga tambayarki, ko girman kai ne. A ganina mafi yawan abin da kika lissafa horon wasa ne da tsoro, kuma in kika san yadda wasan yake za ki gane. Ƙarfen da ke ƙasan takalminta kaurinsa milimita kaɗan ne, a kansa take gudu take juyi. Akwai tsalle iri 6 da ake koya, mafi wuyarsu shi ne Aksel, wanda wani ɗan Norwe mai suna Axel Paulsen ya fara yi a 1882. Shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba a diro da baya, shi ya sa mai juyi biyu a cikinsa sai ya yi biyu da rabi, kuma duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Yarinya takan shafe watanni, wani lokacin fiye da shekara, tana faɗuwa a kan ƙanƙara kafin ta iya shi. Ranar gasa kuma aikin shekara ana auna shi ne a mintoci kaɗan: gajeren shiri minti 2 da daƙiƙa 40, dogon shiri minti 3 da rabi ga matasa, minti 4 ga manya. In ta faɗi a cire maki. In juyin bai cika ba, alƙalai su mayar da hoton baya a hankali su gani, su rage. Daga nan ta zauna kusa da kocinta, jama'a na kallo, ta jira a karanta sakamako. Shekara biyar ke nan 'yarki tana rayuwa a inda ake lissafa kowane ƙaramin kuskure. Ranar da ta fasa kofi, ba kofin take yi wa kuka ba. Ba ta saba da kuskuren da ake yi a share a wuce ba. Ke za ki koya mata wannan, ki ce mata "ba komai" da gaske, ki miƙa mata tsintsiya, ku ci gaba da hira.

Tashin asubar ma da dalili. A can, masu gasa sukan samu filin ƙanƙara ne da sassafe, kafin makaranta, kafin a buɗe wa jama'a. Jikinta ya riƙe wannan agogon. Tsallen igiya da juyin falo kuwa tsoro ne na mako shida ba tare da ƙanƙara ba, alhali abokan gasarta suna can suna atisaye. Toshe kunne da take yi, ki tambaye ta, mai yiwuwa kiɗan shirinta take saurare tana bin motsin a zuciya, haka suke yi. Takalmin kuma ina bayanta. Yana da tsada ƙwarai, sai an ɗauki makonni kafin ya saba da ƙafa, ƙarfensa gwani ne ke wasa shi, taku kaɗan a kan siminti ya isa ya ɓata kaifin, ga raɓar Legas mai sa tsatsa. Ki samar masa wuri a saman kabad, ki ja wa ƙannenta kunne. Wannan ƙaramin abu zai nuna mata cewa akwai mai tsare mata kayanta a gidan ubanta.

Gaisuwa dai ba zan ba ta uzuri ba. Wadda za ta iya maimaita tsalle ɗaya sau hamsin za ta iya koyon durƙusa wa manya. Amma ki lura, yarinyar da ta bar gida tana da shekara 9 wataƙila Hausarta ta yi rauni, tana jin nauyin a yi mata dariya a gaban baƙi, sai ta gudu ɗaki. Ki koya mata ku biyu, ba a gaban mutane ba: wa ake ce wa Baba, wa ake ce wa Inna, me ake amsawa idan an ce ina gajiya, minti nawa za ta zauna kafin ta nemi izinin tashi. Yara irinta suna son a faɗa musu ƙa'ida dalla-dalla, kuma in an faɗa suna riƙewa.

Akwai wata magana da nake so in yi miki a hankali. Ita ce 'yar farinki, na ga ko a wasiƙa ba ki yi mata kirari ko ɗaya ba. Na san kunyar ɗan fari, da ita aka raine mu, kuma kyakkyawar ɗabi'a ce a inda kowa ya san ma'anarta. Ita ba ta sani ba. Ta taso inda iyaye ke zama a bakin fili suna tafa wa 'ya'yansu, ta dawo gida da lambobinta, wataƙila babu wanda ya ce ta nuna masa. Kawaicinki tana iya fassara shi da rashin so. Ba na ce ki yar da kunyarki a gaban surukai ba. Amma da dare, ku biyu, ki shiga ɗakinta ki ce ta kunna miki hoton gasarta, ta nuna miki wane tsalle ne ya fi ba ta wuya. Ki kalla har ƙarshe. Ina kyautata zaton a nan shirun kwana ukun zai karye.

Maigidanki yana da gaskiyarsa, kada ki raina ta. Mutum yana tsakiyar kasuwa a cikin abokan sana'arsa aka miƙo masa waya da hoton 'yarsa a shigar da bai taɓa amincewa da ita ba, ba kuma wanda ya shawarce shi. Zafin biyu ne, na kishin addini da na an maishe shi bare a kan 'yarsa. Sai dai rigar tana da magani, domin dokar wasan ba ta tilasta guntun siket ba. Tun 2004 aka yarda mata su sa wando, kuma ƙa'idar hukumar ta ce tufafin gasa su kasance na kamala. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shiga gasa a Italiya a 2012 da kanta a rufe, alƙalai suka cire mata maki saboda haka, ba ta cire ba, ta bi maganar har ta ci gaba da gasa da rufin kanta. Ki nemo hotonta ki nuna masa. Riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, hula mai kama kai, da yadi mai talewa, telolin Agege ma za su iya in an ba su samfuri. Zai yiwu ya ce ko da haka bai gamsu da kiɗan da juyin a gaban maza ba. Wannan tambaya ce ta gaske, ku kai ta wurin malamin da ya yarda da shi, a bayyana masa wasan yadda yake, da shekarun yarinyar, da halin lafiyarta.

Kada ki tare shi da maganar fasfo yana shigowa a gajiye daga cunkoson hanya. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki fara da lafiyarta, ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. Ki kuma tuna masa cewa shi ma yakan bar gida gari bai waye ba don ya tari motocin Arewa. Naci da tashin asubar da yake gani a yarinyar nan nasa ne ta gado. Fasfon ya zauna a hannunsa har a ji sakamako, babu laifi, amma ya kira ta ya faɗa mata da bakinsa cewa ba a rufe magana ba, ga abin da ake jira. Dalilina shi ne, yarinyar da ta ga an ƙwace mata komai a dare ɗaya takan ƙanƙame abu guda da ya rage a hannunta, wato abin da za ta sa a baki. Hukuncin da aka yanke don a kare ta sai ya ƙara tura ta cikin ciwon.

Gwaggonta kuwa, shekara biyar tana tashi cikin sanyi tana kai yarinya fili, tana biyan koci da kuɗin gasa daga albashin jinya. Ki fara da godiya, ki maimaita ta, sannan ki yi tambaya ba tare da tuhuma ba: ta san da maganar al'adar? Ta san abin da kocin ya faɗa? Mai aikin dare a asibiti abubuwa da yawa za su iya wuce ta a gida, kuma yara masu wannan matsala gwanaye ne wajen ɓoyewa. Ma'aikaciyar lafiya ce, da zarar ta ji wata biyar za ta gane girman abin. Kocin nan sai an tunkare shi. Babu wani baligi da ya dace ya ɗora wa yarinya mai tasowa tsoron kilo biyu. Ƙungiyoyin wasanni a Ingila suna da jami'in kula da lafiya da kariyar yara, a kai masa maganar a rubuce. In kocin bai sauya ba, a sauya shi.

Hanyoyin da ke gabanku, a ganina, ga su. In likita ya ce jikinta bai yi nisa ba, kuma gwaggo ta karɓi sharuɗɗa, ta koma a kan lokaci: ganin likita a can da mai ba da shawarar abinci, rage atisaye har al'ada ta dawo, shigar da mahaifinta ya amince da ita, salla da karatun Alƙur'ani a cikin jadawalinta kamar yadda atisaye yake, waya da ku kowane mako, a sake zama a duba bayan zango ɗaya. Wannan na fi karkata gare shi, har saboda karatu, domin a shekara 14 ne suke fara shekaru biyu na jarrabawar kammala sakandare a can, kuma cire ta yanzu a jefa ta tsarin nan ba shiri zai girgiza ta. In kuwa likita ya ce tana buƙatar hutu da kulawa ta kusa, ko gwaggo ta tsaya kare kocin, to ta zauna a wurinki zango ɗaya ko shekara, kuma a gaya mata jinya ce ba horo ba. Filin Surulere yana nan, in likita ya yarda ta riƙa zuwa da takalmin taya tana shan iska.

Kada ku manta da tambayar ita kanta, ba a gaban taro ba: har yanzu tana son wasan, ko tsoron ɓata wa gwaggo da koci rai ne ke riƙe da ita? Ki gaya mata hutu ba ya kashe baiwa. Alysa Liu ta zama zakarar Amurka tana da shekara 13 a 2019, ta ajiye wasan tana da 16 don ta yi rayuwa irin ta sa'o'inta, ta dawo da son ranta bayan shekara biyu, ta ci gasar duniya a 2025. Ki kuma gaya mata kaɗan ne ke cin abinci da wannan wasa, shi ya sa littafi ba zai koma baya ba. Debi Thomas, baƙar fata ta farko da ta samu lamba a gasar Olamfik ta hunturu, a 1988, tana jami'a take gasa, daga baya ta zama likitar ƙashi.

Gobe da safe, in kika ji ƙarar igiyarta a tsakar gida, ki fito ki shimfiɗa tabarma ki zauna kusa. In an kira salla ku yi tare, ki dama koko ki zuba kofi biyu, sannan ki gaya mata ranar da za ku asibiti, da cewa ke za ki riƙe hannunta ku shiga. Ki rubuto mini abin da likita ya ce, ina jira. Allah ya ba ta lafiya, ya daidaita tsakaninku.